Yawon lambunan Fas: wurin ya ƙayatar, ɗan rakiya ne sai a hankali

'Yan uwa na Maradi masu shirin zuwa ziyarar Shehu Ahmad Tijjani a birnin Fas na ƙasar Maroko, in ajans, wato kamfanin da ya shirya tafiyar, ta ce muku akwai ranar yawon lambuna a cikin tsarinta, ku karɓa. Mu matan asusun unguwarmu mun yi ta bayan mun gama ziyara, ga kuma yadda na same ta.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne Jinan Sabil, tsakanin tsohon birni da Fas Jadid, tafiyar ƙafa kaɗan daga ƙofar Bujulud mai shuɗin ado. Lambun sarauta ne tun ƙarni na 19, zamanin Sarki Maulay Hasan na ɗaya wanda ya yi mulki daga 1873 zuwa 1894, sai daga baya aka buɗe wa talakawa. Girmansa ya haura hekta 7. Da ka shiga, hayaniyar kasuwa ta yanke, sai sanyi. Ga dabino jere hagu da dama, ga lemo, ga gora dogaye da suka rufe sama, ga tafki babba a gefe.

Ni dai ba furanni suka ɗauke mini hankali ba, ruwan ne. Daga kogin Fas aka janyo shi, aka raba shi cikin ƙananan magudanai, kowace bishiya da rabonta, har tsohuwar ƙafar katako mai juyawa irin ta amalanke, wadda ke ɗebo ruwa, tana nan. 'Yar masu lambu ce ni, na san wahalar ban ruwa a bakin Gulbi da rani, shi ya sa na daɗe tsugune ina bin hanyar ruwan da ido. Sai da shugabarmu ta ce, "Hajiya, tashi mana, ko noman rani kika zo koyo?" Na ce, "Wallahi Yaya, da za a bar ni, nan zan wuni."

Akwai kujerun zama a inuwa, hanyoyin kuma shimfiɗe suke, don haka tsofaffinmu masu ciwon gwiwa ba su sha wuya ba.

To, sai batun ɗan rakiya. A takardar da ya ba mu ya sa kuɗin shiga lambu, alhali ba wanda ya tambaye mu ko dala a ƙofa. Da muka yi magana, ya ce ai na mota ne. Motar kuwa an riga an biya ta tun Maradi. Sannan ya yi ta gaggauta mu, "Hajiyoyi, lokaci, lokaci", ashe shagon wani mai sayar da jakunkunan fata yake son kai mu. Nan muka ɓata sauran yinin ana ciniki da yatsu, don Larabcinsu ba irin na makarantar allo ba ne, Faransanci ne ya cece mu. Tarihin wurin ma bai faɗa mana komai ba, sai wani dattijo mai ban ruwa ne ya yi mana bayani.

Wanda zai je, ya nemi a kai shi da safe, ya riƙe ruwan sha da ɗan abin taɓawa, ya kuma sa a rubuta masa a takarda awa nawa za a yi cikin lambun kafin ya miƙa ko jika ɗaya.