Yaya, ga labarin babur ɗin da ka gani a hoto

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna, da iyali baki ɗaya. Ya zafin Garwa? Na san a wannan wata na Afrilu ko inuwar dalbejiyar ƙofar gida ba ta ceton mutum da azahar. Mu nan Liyon ta Faransa yanzu muka fara ajiye rigunan sanyi.

Tun ranar da na saka hoton babur ɗin nan wayata ba ta huta ba. Kai ka ce in nemo maka irinsa in saka a kwantena zuwa tashar jirgin ruwa ta Duwala a Kamaru, abokai biyu ma sun faɗi haka, shi ya sa na ga gara in ba da amsa a fili kowa ya karanta.

Irin wannan babur nan ana ƙera shi ne don tafiya mai nisa cikin sauri. Yana da ƙarfin na tsere, amma zamansa na matafiyi ne: gilashi a gaba mai kare iska, roba ta rufe injin, akwatuna biyu a gefe, kujera mai faɗi ta mutum biyu. Nawa Yamaha FJR1300 ne, ƙirar 2008. Injinsa silinda huɗu ne, cc 1298, wato ya ninka Boxer ɗin da yaronka ke acaba da shi fiye da sau goma. Tankinsa lita 25, zai kai ka daga Garwa zuwa Ngaundere bai nemi mai ba. Nauyinsa da mai ya kusa kilo 290. Ka ƙiyasta buhun masara uku a kan taya biyu.

Kafin a kai ga saye akwai permi, wato lasisin tuƙi. A Faransa ba a barin sabon mahayi ya hau babban babur kai tsaye, komai shekarunsa. Sai ka fara da wanda suke kira A2, wanda ƙarfin babur ɗinsa bai wuce kilowat 35 ba, ka shekara biyu a kansa, sannan ka koma makaranta horon awa bakwai a ba ka na manya. Ni da na fara tuƙi a lungunan Yelwa ina ɗan shekara goma sha uku, sai ga ni ina zagaya robobi a fili wata mata tana yi mini tsawa don ban juya kai na duba baya ba. Na faɗi gwajin farko. Permin kaɗai ya ci mini kusan yuro 1,100, kuma yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ka lissafa.

Neman babur ɗin a intanet ake yi, a shafukan saye da sayarwa. Babu dillali, babu la'ada, babu wanda zai rantse maka cewa mai shi ɗan mutunci ne. Na fara nema a watan Janairu da gangan, domin da sanyi babura na kwance a gareji, masu saye sun yi ƙaranci, farashi na sassautawa. Da bazara ta shigo kowa sai ya tuna yana son babur.

Na farkon da na gani araharsa ta yi yawa. Mai shi ya rubuto cewa yana ƙasar waje, in tura kuɗin kamu za a kawo mini har gida. Cinikin biri a sama ke nan, a Turai ma ana yinsa. Na share.

Na biyu Honda VFR800 ne ja, kuma har yau in na tuna shi raina yana biyawa. Injinsa silinda huɗu ne da aka jera kamar harafin V, kukansa daban yake da na kowane babur, ga shi ya fi FJR sauƙin riƙewa nesa ba kusa ba. Na hau jirgin ƙasa na je. Kafin mu gaisa sosai na ɗora hannu a kan injin, na ji shi da ɗumi, alhali na roƙi saurayin a waya kada ya tayar da shi kafin in iso. Injin da ya kwana a sanyi shi ke faɗin gaskiya: hayaƙin da zai fitar, da ƙarar da zai yi a daƙiƙun farko, da yadda batir zai ja shi. Na duba ƙarshen hannun birki da gefen salansa, na ga an goge an shafa fenti. Na murza yatsa a sandunan gaba, na ji maiƙo, alamar robar da ke tare man shokozoba ta gaji. Haƙoran da sarƙa ke hawa sun lanƙwashe kamar ƙugiya. Duk wannan ana gyarawa. Abin da ya kore ni shi ne da na ce ya nuna mini takardun gyara, sai ya ce abokinsa ne ke yi masa komai. Wannan ƙirar ana duba bawul ɗinta duk kilomita 24,000, kuma aikin yana cin awoyi masu yawa saboda yadda aka tsara injin. Mita na nuna 49,000, ba wanda ya san ko an taɓa buɗe shi. Laifin ba na babur ba ne, na mai riƙon ne. Na yi masa godiya na koma tasha.

Na duba Tracer 900 da Kawasaki Z1000SX ma, masu kyau ne kuma sun fi sabunta, amma kuɗinsu ya fi ƙarfina.

Na ukun a wani ƙauye yake, tafiyar awa ɗaya daga Liyon, wurin wani dattijo ɗan fansho. Kafin ya buɗe gareji sai ya zaunar da ni a kicin, ya ba ni kofi, ya ajiye mini wani fayil mai kauri. Yaya, tun daga 2008 har ranar, babu rasiɗin da ya ɓata. Ranar da aka canza baƙin mai, da kilomita nawa, da irin man. Ranar da aka duba bawul a 40,000. Ranar da aka canza ruwan birki, da batir, da fulogi. Har rasiɗin ƙwan fitila. Na zauna ina bin lambobin ɗaya bayan ɗaya ina gwada su da mita, suna hawa a jere ba tsalle, har suka tsaya a 68,000. A shekara goma sha bakwai fa. Yaronka a shekara biyu zai cinye wannan tsakanin babbar kasuwa da Rumde Ajiya. A nan babur yawanci abin hawan Lahadi ne, ba shi ke ciyar da gida ba, shi ya sa tsohonsu ke zama kamar sabo.

Wannan fayil shi ne shaidun ciniki a ƙasar nan. A gida in za ka sayi na hannu, sai ka ɗauki makanikenka ya kasa kunne, ka tambayi wanda ya san mai shi, a kira mutum biyu su shaida. A nan ba wanda ya san kowa, takarda ce ke tsayawa a madadin mutane. Kuma ba fayil ɗin kaɗai ba. Dole mai sayarwa ya ba ka takardar hukuma da ba ta wuce kwana goma sha biyar ba, mai nuna cewa babur ɗin ba jingina yake ba kuma ba a hana sayar da shi ba. Tun 15 ga Afrilu 2024 aka wajabta wa babura gwajin lafiya irin na motoci, in tsoho ne kuma za a sayar, takardar gwajin kada ta wuce wata shida. Ni da kaina na durƙusa na karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen wuyan babur, na gwada da wadda ke cikin kart giriz, wato takardar rajistar babur, harafi da harafi.

Abu ɗaya na kama shi da shi, tayoyi. Zanensu bai cinye ba, amma a gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Nasa sun nuna 2017. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, ta bushe ta daina kama kwalta, musamman da ruwan sama. Ya sa kuɗi yuro 4,500. Na taya 4,000, ina jiran ya ce albarka mu fara ja-in-ja kamar yadda aka saba. Sai ya yi shiru, ya ɗauko biro ya lissafa kuɗin taya, ya ce 4,300, daga nan kuma bai ƙara motsi ba. Cinikin duka bai kai minti biyar ba. Na ji kamar an ƙwace mini wani abu, domin na zo da shirin yini.

Yuro 4,300 kusan sefa miliyan 2 da dubu 820 ne. Na biya da cakin da banki da kansa ya rubuta, ya ja layi a kan kart giriz ya sa rana da awa da hannu, muka cika takardar sayarwa kowa ya riƙe tasa. Ina da wata ɗaya in mayar da sunana, shi ma ta intanet. Da zan tafi ya ce gwiwarsa ce ta daina ɗaukar nauyin, ya shafa tankin sau biyu ya shige gida, bai tsaya ganin fitata ba.

To, a nan lissafin yake juyawa, Yaya. A ƙasar nan ƙarfe ne mai araha, hannun mutum kuwa wuta. Garejin da nake zuwa awa ɗaya ta aikin makanike yuro 75 ce, kusan sefa dubu 49, ban da kuɗin kaya. Kuma ba ka tura babur ka shiga haka kawai. Da na kira don sa taya, mako uku suka ba ni. Tayoyin biyu da ɗaurawa yuro 330. Asurans, wato inshora, dole ne ko da babur ɗin a ajiye yake, nawa yuro 38 duk wata. Gareji na haya yuro 60, domin in ka bar irinsa a titi da makulli kawai, wata safiya za ka tarar da gurbinsa. Hular kwano da safar hannu masu tambarin inganci doka ce, jaket da takalmi kuma hankali ne ya wajabta su. Na sha tuna makanikenmu na bakin hanyar gada, wanda za ka kai masa babur da hantsi ya warware kafireta a kan buhu, ya busa da baki, ya mayar, ka biya shi in Allah ya hore. A nan in ka ce za ka biya gobe, kallon da za a yi maka ya ishe ka. Wannan ɗaya gida ya fi su, ba ko tantama.

Dalilin da ya sa na zaɓi FJR duk da nauyinsa ke nan. Ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce a rufe cikin mai take juya tayar baya kamar ta mota, babu shafa mai, babu ɗaurewa, babu saye duk bayan ’yan shekaru. Baƙin mai kuma da kaina nake canzawa a gareji.

Daɗin hawansa kam ba a magana. Na je Marsai na dawo a yini ɗaya, fiye da kilomita 600, bayana bai yi ciwo ba. A babbar hanya iyaka 130 ne, shi kuwa a nan ko numfashi bai fara ba. Gilashin gaban da maɓalli ake ɗaga shi ana cikin tafiya. Birkinsa na da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ranar da wata mota ta yanko mini a kan jiƙaƙƙiyar kwalta na matse iya ƙarfina, taya ba ta zame ba. Amma sau ɗaya ya kwanta mini a tsaye a bakin gareji, ƙafata ta taka tsakuwa, sai da maƙwabci ya fito muka ɗaga shi mu biyu. Robar gefen da ta tsage na samo ta hannu, duk da haka kuɗinta sai da na yi salati.

Yanzu ka ɗauko wannan babur ka ajiye shi a Garwa. Cikinsa a ƙasa yake, tayoyinsa na kwalta mai santsi ne, ramin farko a hanyar Figil zai iya lanƙwasa ƙafar gaba. A yashin unguwa buhu ukun nan ba za su yi maka biyayya ba. Ba kafireta gare shi ba, famfo da allurai ne ke fesa mai, kwamfuta na lissafawa, to zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya da ake tacewa da tsumma, kwana nawa zai bar su? In fitilar injin ta kama, wa ke da na'urar da za ta karanta abin da take faɗa? Tayar baya mai lamba 180/55-17, a wane shago? Robar da ke kare ni daga sanyi a nan, a zafin da ya haura 40 za ta riƙa turo maka zafin injin a cinya kamar ka rungumi tanda. Ban ma kawo kuɗin jirgin ruwa da na kwastan a Duwala ba, da ɗauko shi zuwa arewa. Hawan dutsen nan na hanyar Ngaundere kaɗai na yarda zai yi masa kyau, amma ba a sayen babur don ’yan lanƙwashe-lanƙwashen hanya ɗaya.

Don haka ba zan turo ba, Yaya, ka yi mini afuwa, ba rowa ba ce. In kana da miliyan uku a ajiye, kai ka fi ni sanin Boxer ko TVS nawa za su fitar, kuma kowanne da yamma zai dawo da kuɗin cefane. In kuma babba kake sha'awa don kanka, ka bari mu nemi mai dogayen ƙafafu, mai silinda ɗaya, irin wanda aka yi don hanyar ƙasa.

Akwai wani ɗan unguwarmu da zai taho gida bayan Sallah. Na ba shi hular kwano biyu, ɗaya taka ɗaya ta yaronka, da safar hannu, da ƙaramin littafi mai layi. Littafin na yaron ne, ya riƙa rubuta ranar da ya canza baƙin mai da abin da mita ke nunawa. Hular kuma don Allah a kai za a sa ta, kada in ga hotonta rataye a hannun babur. Ka gaida Inna, ka ce mata ba na gudu.