Kafin ka zuba wa wake magani: buhun PICS, ƙwayar bom, Actellic ko Sniper?

Da zarar an gama roron wake a ƙasar Kano da Jigawa, manomi yakan samu kansa tsakanin abu biyu: ko ya kai kasuwa da kaka lokacin da kowa ya fito da nasa farashi ya faɗi, ko ya ajiye zuwa bazara ya yi ta fama da ƙwari. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfanin. Macen tana manna ƙwai a jikin ƙwayar waken, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, kuma cikin kusan wata guda sabon ƙwaro ya fito ya ci gaba da haihuwa. Shi ya sa buhun da aka ɗinke lafiya lau a watan Nuwamba, idan ba a yi masa komai ba, kafin zafi ya kankama sai a buɗe a tarar da huji da gari.

Wanda ya je shagon maganin gona yawanci abin da yake faɗa shi ne, "Malam, ba ni mai ƙarfi." A ganina wannan ba ita ce tambayar ba, domin duk abubuwan da zan ambata suna kashe ƙwari. Abin da ya raba su shi ne inda gubar take zuwa bayan ƙwaron ya mutu: ko ta bi iska ta tafi, ko ta zauna a jikin waken har ta shiga ƙosai da alale da ɗan waken da yara za su ci, sannan idan ta shiga jikin mutum, me hanta da ƙoda za su iya yi da ita.

Gamalin, wanda sinadarinsa shi ne lindan, bai ma cancanci a sa shi cikin zaɓi ba. Ba ya narkewa sosai a ruwa, a kitse yake narkewa, saboda haka jiki ba ya saurin fitar da shi. Yana taruwa a kitsen mutum, yana fita ta nonon uwa, idan kuma ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A 2008 ɗalibai mata fiye da ɗari a wata makarantar kwana a jihar Gombe sun kwanta asibiti bayan cin wake, binciken hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC kuma ya gano wannan sinadari a abincin. A shekarar hukumar ta haramta shi, a 2009 Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta sa shi cikin sinadaran da za a kawar, a 2015 kuma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo cutar daji ga ɗan Adam. Duk wanda ya fito maka da shi daga ƙarƙashin tebur, haramtaccen kaya yake sayar maka.

Sniper da danginsa, har da fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe, sinadarinsu diklobos ne, wanda ake rubuta wa DDVP a jikin kwalba. Masu kare shi sukan ce ai warinsa yana fita, kuma gaskiya ne cewa yana bin iska, hanta ma tana farfasa shi da sauri ya fita ta fitsari. Matsalar ita ce ɓarnarsa ba ta tafiya tare da shi. A mahaɗar jijiyoyi akwai wani sinadarin jiki da aikinsa shi ne ya tsayar da saƙo bayan an isar da shi. Diklobos yana ɗaure wannan sinadari, sai jijiyoyi su yi ta aika saƙo babu tsayawa. Daga nan ne dalalar miyau da gumi da amai da gudawa da tsukewar ƙwayar ido suke fitowa, har huhu ya cika da majina numfashi ya gagara. Jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya farfaɗo, don haka mai yayyafa shi a sito kullum yana ƙara sabon rauni ne kan wanda bai warke ba. Saboda diklobos ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, bayan an yi ta samun adadin da ya zarce iyakarsu ta miligiram 0.01 a kilo ɗaya nesa ba kusa ba, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da manyan kantuna. Ba a yi shi don a zuba kan abinci ba. Wanki da tafasa suna rage shi, amma babu uwar gidan da ke da ma'aunin sanin abin da ya saura a tukunya.

Hodar Actellic, aƙalla, don hatsin ajiya aka yi ta. Dangin Sniper ce ta fuskar yadda take taɓa jijiya, sai dai gubarta ga mutum ta fi sauƙi ƙwarai. Amma tana zama a jikin hatsin watanni, domin haka take aikinta, kuma amincinta ya dogara ne kan a auna daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙunshin, alhali a ƙauye da hannu ake ɗiba.

Ƙwayar Phostoxin da ire-irenta, wadda a kasuwa ake ce wa bom, lamarinta daban ne. Ƙwaya mai nauyin giram 3 idan ta shaƙi laimar iska tana sakin giram 1 na iskar fosfin, wadda ke ratsa buhu ta kashe ƙwari har na cikin ƙwayar wake, kuma idan an sha iska yadda ya kamata kusan ba ta barin komai a jikin abincin. A hannun ƙwararre, a sito rufaffe wanda yake nesa da gidaje kamar na manyan 'yan kasuwar Dawanau, tana da amfaninta. A gidan ƙauye kuwa, inda ɗakin hatsi yake jingine da ɗakin kwana ko ma ɗaki ɗaya ne, ita ce mafi haɗari a cikinsu duka. Fosfin tana hana ƙwayoyin halittar jiki amfani da iskar da aka shaƙa, zuciya ce take fara gazawa, kuma har yau ba ta da makari; wanda Sniper ya kama ana iya yi masa allurar atrofin a asibiti, amma wanda fosfin ta kama sai dai a tallafa wa numfashinsa da zuciyarsa. Tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa, yara kuma su ne suke fara faɗuwa. Bayan duk wannan, ranar da iskar ta fice kariya ta ƙare, sabon ƙwaro yana iya shiga washegari.

Toka da barkono da ganyen darbejiya sun isa irin shuka na 'yan kwanoni, ba buhu goma ba.

Abin da nake amfani da shi, kuma nake ba kowa shawara a kai, shi ne buhun PICS. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro dabarar tare da masu binciken noma na arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka fara yaɗa ta sosai a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma a nan Kano ma ana ƙera buhun. Riɓi uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, kowacce kaurinta maikiron 80 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), sai buhun saƙa a waje da ke ɗaukar wahalar ɗauka da saukewa. Babu magani ko ɗigo a cikinsa. Idan aka ɗaure, ƙwarin da ke ciki su ne suke shanye iskar oksijin da ta saura, sai su daina ci da haihuwa. Binciken masanan ya nuna wani abin da ya ba ni sha'awa: ƙwaron wake yana samun yawancin ruwan jikinsa ne daga sarrafa abincin da ya ci, sarrafawar kuma sai da oksijin, saboda haka idan iska ta ƙare ƙishirwa ce take ƙarasa shi. Waken da ya fito daga irin wannan buhu ana iya dafa shi a ranar, ba sai an shanya ana jiran wari ya fita ba. Kuɗinsa ya fi na buhun yau da kullum, amma idan an kula da shi yana yin kaka fiye da ɗaya. Duro ko jarka mai murfin da ke rufuwa gam aiki iri ɗaya suke yi, muddin an cika su taf kuma ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a cikinsu ba.

Sharuɗɗansa kaɗan ne amma ba a yi musu ragi. Wake ya bushe ƙarau, a sheƙe shi a fitar da tsakuwa da kara masu huda leda. A matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. A ɗora kan katako, kada ya jingina da bango saboda ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiban na girki. Na ci a ware shi daban.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen saye. An taɓa sayar mini da buhuna a wata kasuwar mako, rubutu da zane duk sun yi kama da na gaske, amma ledar ciki sirara ce kuma ɗinkin gindinta yana yoyon iska. Waken ya huje kamar ba a yi komai ba. Abin da ya fi damuna da jabun buhu shi ne, wanda aka cuta sau ɗaya yakan yanke hukuncin cewa dabarar ce ƙarya, sai ya koma wa Sniper, ya kuma ja maƙwabtansa. Saboda haka kada ka karɓi buhu a naɗe. Ka sa a warware a gabanka, ka tabbatar leda biyu ce ba ɗaya ba, domin akwai masu zare ɗaya su haɗa da wani buhun su sayar sau biyu. Ka murza ledar tsakanin yatsu. Ta gaske tana da kauri da ƙarfi, ba ta miƙewa da ɗan ja. Ka ɗaga ta saitin rana ka duba huji da layin da aka manne gindin. Sannan ka kaɗa ta ta cika da iska, ka riƙe bakin gam ka danna a hankali: idan tana sacewa, a ajiye ta. Akwai kuma masu wanke tsofaffin buhuna su goge su sayar a matsayin sababbi, alamarsu ita ce ƙananan ɗigon huji da garin wake a lungun gindi. Ledar da take da ɗige-ɗige ko warin ƙonanniyar roba daga narkakken tarkace aka yi ta. Mai sayarwar da ya hana ka gwadawa, ko ya ce nasa ya fi arha domin "daga kamfani kai tsaye" yake, ka wuce shi ka tambayi malamin gona na KNARDA ko JARDA, hukumomin bunƙasa noma na Kano da Jigawa, dillalin da suka sani.

Magungunan ma ba su tsira daga wannan ha'inci ba. Ana sayar da ƙwayar bom ɗai-ɗai a ƙullin leda, wanda ke nufin tana ta sakin guba a aljihun mai saye tun daga kasuwa, wadda kuma ta riga ta koma toka-toka ta gama aiki. Ana ɗura ruwan da babu wanda ya san mene ne a kwalabe marasa takarda. Duk abin da ba shi da lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki da sunan sinadarin da ke ciki, kada ya shiga gidanka, domin ranar da tsautsayi ya faɗa wa yaro, sunan sinadarin nan shi likita zai fara tambaya. A irin wannan hali kada a ɗura wa mutum madara ko manja, kada a tilasta masa amai. A fitar da shi sarari, a cire kayan da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar ko gwangwanin.