Wasiƙa daga Jamus: Intel ko AMD ga mai son ƙara wa furosesa gudu

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka ce a duba maka furosesan, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da ya dace da kwamfutar tebur da za ka haɗa da hannunka, wadda kake son ka ƙara mata gudu fiye da yadda kamfani ya saita. Ka sani tun yanzu, duk wanda ka zaɓa shi zai zaɓa maka madabod (babban allon da ake ɗora sauran sassa a kai) da RAM da na'urar sanyaya, don haka kada ka sayi ko ɗaya kafin ka tsai da shawara a kansa.

A wajen Intel, sai mai harafin K a ƙarshen suna ne ake iya ƙara wa gudu, kamar Core i5-14600K ko i7-14700K, kuma sai a kan madabod mai cifset (guntun da ke tafiyar da madabod) na rukunin Z, wato Z790 ko Z690. Idan ka ɗora shi a kan B760, RAM kaɗai za ka iya taɓawa. Mai KF daidai yake da mai K, sai dai ba ya fitar da hoto da kansa, ranar da katin hoto ya mutu allo zai tsaya baƙi ƙirin. Wuta kuwa suna sha: 14600K yana kaiwa wat 181, 14700K da 14900K wat 253 tun ba a taɓa su ba. Biyun ƙarshen nan, ƙaramar fanka ba ta riƙe su, sai sanyin ruwa mai radiyeta milimita 360, in ba haka ba su taɓa digiri 100 su rage gudu da kansu.

Akwai kuma abin da ya faru a 2024. An gano wasu furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta fi ƙarfinsu, a hankali su lalace, wasanni su riƙa rufewa ba dalili. Intel ta fitar da gyara ta BIOS, manhajar da ke cikin madabod, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana kare lafiyayye, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya ji ciwo. Shi ya sa na hannu daga wannan zubin, komai arharsa, ka bar shi inda ka gan shi. Ga shi kuma soket ɗinsu, wato mazaunin furosesa a kan madabod, LGA1700, ya zo ƙarshe. Sababbin Core Ultra 200S sun koma LGA1851.

AMD ta fi sakin hannu. Furosesocinta Ryzen na soket AM5 galibi a buɗe suke, kuma madabod matsakaici irin B650 ko B850 ya isa. A620 da B840 ne ke hana ƙara gudu. AM5 ya fito a 2022, kamfanin ya ce zai ci gaba da shi aƙalla zuwa 2027, kenan nan gaba za ka iya canza furosesa ka bar madabod. DDR5 kaɗai yake karɓa. Ka lura da masu X3D, waɗanda aka ƙara wa ma'ajiyar bayanai mai sauri da ake kira L3: 7800X3D a kulle yake, amma 9800X3D da ya fito a Nuwamba 2024 a buɗe yake, domin an mayar da ƙarin ma'ajiyarsa ƙarƙashin ƙwayoyin aiki, zafi yana samun hanyar fita. Ƙwaya 8 gare shi da ma'ajiyar L3 megabayit 96. In wasa ne babban aikinka, shi zan ce ka ɗauka. In kuwa kana da RAM DDR4 da ba ka son zubarwa, sabon 14600K a kan Z790 mai ramin DDR4 ba laifi, muddin ka sabunta BIOS tun ranar farko.

Kada ka sa ran tsalle mai yawa. Furosesan yanzu yana fitowa kusa da iyakarsa, ribar tana wajen rage masa wuta don ya yi sanyi ya daɗe a saman gudunsa. A Ryzen, kunna PBO, saitin BIOS da ke barin furosesa ya ƙara gudu da kansa, ka shiga Curve Optimizer, inda ake rage wutar, ka fara da -10, ka riƙa sauka biyar-biyar kana gwaji da manhajar OCCT ko Prime95, idonka a kan zafi a manhajar HWiNFO. Idan ka wuce gona da iri, sau da yawa ba lokacin aiki mai nauyi kwamfutar take faɗuwa ba, tana zaune ba ta komai za ta sake tashi da kanta. Sai ka koma baya mataki ɗaya. RAM kuma sanda biyu na DDR5-6000 CL30 mai EXPO, shiryayyen saitin gudun RAM na AMD; sanda huɗu suna tilasta rage gudu. Wutar SoC, sashen furosesa da ke kula da RAM, kada ta wuce bolt 1.3, wadda ta wuce haka ce ta ƙona wasu 7800X3D a 2023.

Sayen furosesa a nan Jamus iri biyu ne. Akwai na kwali, mai garantin kamfani na shekara uku, akwai na faranti da ke zuwa tsirara a roba, wanda garantinsa yana hannun mai shago kawai. Na kwali za a saya. Dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya yi saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya, ta kuma ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin kaya na shekara biyu, amma sai kayan sun dawo hannunsa, abin da ke da wuya bayan sun tsallaka teku. Saboda haka a nan za a haɗa furosesa da madabod da RAM a gwada cikin kwanakin nan 14, a gudun kamfani, tunda Intel da AMD duka sun ce lalacewar da ƙara gudu ya jawo ba ta cikin garanti, har da PBO.

Wajen aikowa za a cire na'urar sanyaya, don nauyinta yana iya tsaga madabod a hanya. Murfin roban soket kuma ka adana shi: alluran AM5 da LGA1700 a jikin madabod suke, ɗaya ta lanƙwashe sai ramin RAM ya daina aiki, kuma masu shago da yawa ba sa karɓar madabod da aka mayar babu murfin.