Janareta ko sola: amsa ga Hajiyar da ta ɗauki adashi a Garwa ta Kamaru

Hajiya, barka da ɗaukar adashi, Allah ya sanya albarka. Kin ce ku takwas ne a gida, can gangare wajen Binuwai, ga tsohuwa a ɗaki, ga firiza da kike sana'ar ƙanƙara da zoɓo. Wuta sai ɗaukewa take yi, da damina kuma ruwa yakan shigo har tsakar gida. Kina tambaya janareta za ki saya ko sola. Ni dai sola zan ce, amma ba da kuɗin gaba ɗaya ba, kuma ba kowace irin da mai shago ya miƙo miki ba. Bari in jera su kusa da juna ki gani da idonki.

Kafin maganar kaya, a duba lokacin da kowace fitina take zuwa. Wutar da muke sha daga Ngaundere har Marwa, ginshiƙinta madatsar Lagdo ce da ke kan kogin Binuwai, wadda 'yan Sin suka gama ginawa a 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Injina huɗu ne, megawat 72 in tafkin ya cika. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, injinan ba sa ba da ko kusa da haka, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar a 2023, ga injinan mai na Jambutu, an samu sauƙi amma ba a rabu da matsalar ba. Ɗaukewar da ta fi cin rai tana zuwa ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 rana tana dukan kwano tun hantsi. Ambaliya kuwa daga Agusta zuwa Oktoba take, sa'ad da tafkin nan dai ya cika har a buɗe ƙofofinsa, kamar yadda aka gani a 2012. Kogi ɗaya ne ke kawo duka biyun, a watanni daban, kuma abin da zai fisshe ki a Afrilu ba lalle ya fisshe ki a Satumba ba.

A wajen saye, janareta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Yau ki biya, yau a ɗauko shi a bayan babur, da magariba fanka na juyawa. Daga nan ne lissafi yake fara hawa. A Fabrairun 2024 aka mayar da litar fetur a gidan mai sefa 840. Janareta matsakaici, wanda zai ɗauki firiza da fankoki, yana shan wajen lita ɗaya a awa. Awa 5 a rana sefa 4,200 ke nan, a wata 126,000, ban da man inji da filogi da kuɗin mai gyara. Ko ɗan ƙaramin nan mai hayaƙi da ake haɗa masa fetur da mai, rabin wannan zai ci, kuma ba zai ja firizarki yadda kike so ba. Da can zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, shi ke rufa asiri, amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 arahar da aka saba ta tafi. Ga shi wani lokacin da ruwa ko datti a ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyara ya kwance kabireta ya ga wannan jan danƙon da ke toshe hanyar mai, ya san inda ribar arahar take komawa.

Sola akasin haka ce. Ranar farko take tatse aljihu, bayan nan ta yi shiru shekaru, sai ranar da batir ya mutu. Faifan hasken ranar kansa yakan wuce shekara 20. Ki ɗauki farashin da masu haɗawa uku suka ba ki, ki raba da abin da za ki ƙona a fetur a wata, za ki ga watannin da za ta mayar da kuɗinta.

A wajen ƙarfi kuwa janareta ne a gaba, wannan ba gardama. Dutsen guga, injin jan ruwa daga rijiya, injin niƙa, na'urar sanyaya ɗaki, duk abin da ke jan wat 1,000 ko fiye, ƙaramar sola ba za ta iya da shi ba. To amma me gidanki yake bukata tsakanin magariba da asuba? Fanka biyu masu aiki da batir kai tsaye, wat 20 kowace, awa 10, wat-awa 400. Ƙwan fitila huɗu na zamani, awa 5, wajen 140. Cajin wayoyi da talabijin na awa uku, a ce 250. Duka bai kai 800 ba. Batir na dalma mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe 2,400, rabi ake sha in ana son ya daɗe, wato 1,200. Ya isa har da saura. Amma in kika haɗa masa fankokin da kike da su yanzu masu wat 60, su kaɗai za su shanye 1,200 ɗin kafin kiran sallar farko. Shi ya sa nake cewa sauya fanka ya fi ƙara batir araha. Batir randa ce, abin da kika zuba da rana shi za ki sha da dare.

Sai firiza, wadda ita ce zuciyar tambayarki. A nan mutane da yawa ke asarar kuɗi, suna son batir ya riƙe firiza dare da rana, sai a tara musu batura huɗu, cikin shekara biyu duk sun lalace. Ba haka ake yi ba. Faifai mai wat 400 a ranar Garwa yana ba da wajen wat-awa 1,500 a yini bayan an cire asara. Faifai uku ko huɗu za su ja firiza kai tsaye daga ƙarfe tara na safe zuwa la'asar, ba tare da an taɓa batir sosai ba. Ki zuba ruwan ƙulli da safe, ba da yamma ba. Ƙasan firizar ki jera robobin ruwa da suka daskare, kada ki sayar da su ko an matsa, aikinsu riƙe sanyi. Da yamma a kashe, a rufe, a ɗora bargo a kan murfin, a hana yara buɗewa. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba tana riƙe sanyi har wajen kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya, ko da yake zafinmu na Afrilu yakan rage wannan. Firji kuwa awa huɗu kawai yake yi. Abu ɗaya da ba a wasa da shi shi ne inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta koma irin ta gida. Injin firiza yana fizgar wuta ninki uku ko fiye a daƙiƙar da ya tashi, don haka ki faɗa wa mai haɗawa tun farko cewa firiza za ta hau, ya kawo mai tsaftatacciyar wuta mai ƙarfin da ya dace. Mai arahar nan da ke sa fanka gurnani tana ƙona injin firiza.

Janareta ma zai yi miki ƙanƙara, har da dare. Sai dai ki zauna da biro ki ga ƙulli nawa za ki sayar kafin ki biya sefa 4,200 na rana ɗaya. Da azumi, in ya faɗo cikin zafi, lissafin zai iya fita. Sauran watanni da wuya.

Zafi yana cin su duka, amma ya fi cin batir. Na dalma an yi shi ne don digiri 25, duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa kusan biyu. A ajiye shi a ɗakin kwano mara taga a Garwa, kisa ne. Na litiyam ya fi tsada, amma ana shan kashi 80 cikin ɗari nasa, yana jure caji sau dubbai, ba a zuba masa ruwa. In kuɗin ya kai, shi zan ce. A kasuwa akwai tsofaffin batura da aka wanke aka manna wa sabuwar takarda. Araha ba ta ado. Ki sa a gwada a gabanki da kaya a kai, ki karɓi takardar garanti mai kwanan wata. Faifai kuma ƙurar hunturu ce abokiyar gabansa. Ki shafa yatsa a kai a Janairu ki ga layin da zai bari. Ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi, sau ɗaya ko biyu a mako.

Akwai abin da sola ba ta yi wanda janareta ke yi: kisa cikin barci. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ko launi. Saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama sai a shigar da shi zaure ko baranda a rufe ƙofa, da safe a tarar da gida shiru. A waje yake zama, nesa da taga, bakin hayaƙin yana kallon wani gefe. Ba a zuba masa mai yana aiki ko da zafinsa. Ba a kuma cusa wayarsa a soket ɗin bango, sai an saka makunnin da ke raba shi da layin gari, in ba haka ba wutar za ta koma kan ma'aikacin da ke bisa turke. Da tsohuwa da jikoki a gida, wannan kaɗai ya isa a yi tunani biyu.

To, ranar ruwa fa? A nan duka biyun suna da rauni. Janareta a ƙasa yake zama, ruwa ya shiga injinsa shi ke nan, ga nauyi, ga bukatar fetur a ranar da hanya ta yanke. A 2024 ruwa ya ci gada a Yagwa, a Chadi mutum kusan miliyan 2 abin ya shafa. A irin wannan rana babu mai zuwa gidan mai. Faifan sola yana sama ruwa ba ya kai masa, amma iskar farkon damina tana ɗaga kwano da abin da ke kansa in ba a ɗaure shi a jikin katakon rufi da ƙusoshi masu ƙarfi ba, kuma ranar hadari ƙarfinsa kan sauko zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa. Batir da inbata a ɗora su sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, alamar tana nan a bangonki, ki ƙara kamu biyu a kai. Kada a rataye su a katangar ƙasa, ita ce ke fara zubewa in ta sha ruwa. Kuma ki riƙe wannan: kashe babban makunni na mita ba ya kashe sola. Muddin akwai rana, wayar da ta sauko daga rufi tana da wuta. Dole a saka mata nata makashin a inda hannu ke kaiwa, a kashe duka biyun da busasshen hannu tun ruwa bai shigo ɗaki ba.

Shi ya sa na ce kada adashin ya ƙare a kan rufi. In aka ce a tashi a koma makaranta ko gidan dangi a tudu, ba janareta ba faifai da zai bi ki. Abin da zai bi ki bokiti ne mai murfi: takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa da takardar fili cikin leda biyu, maganin tsohuwa na mako biyu, fitila mai cajin rana, batirin cajin waya, ƙaramin rediyo don jin sanarwar sakin ruwa, ashana, gidan sauro, gishirin zawo, da tsabar kuɗi ƙanana, don kuɗin waya ba ya fita in sabis ya ɗauke. Lambar 'yan kwana-kwana 118 ce, yara ma su haddace. Ruwan sha ya fi komai, domin famfo yakan bi wuta ya tafi, ambaliya kuma tana haɗa masai da rijiya, daga nan kwalara take tashi. Lita 15 ga mutum a rana ita ce mafi ƙaranci na sha da girki da tsafta, ku takwas jarka shida ke nan masu lita 20 a yini. Abin da ba ki yarda da shi ba ki tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko ki saka ƙwayar tsarkake ruwa. Buhunan masara da gawayi su hau kan benci tun Yuli.

In kuɗin bai kai na firiza ba a yanzu, ki fara da faifai ɗaya ko biyu, batir mai kyau ɗaya da fankoki biyu, amma ki sa a saka na'urar caji da wayoyi masu ɗaukar ƙari, don adashi na gaba faifai kawai za ki ƙara. Janareta sai in Alhaji yana da injin rijiya ko wani aiki mai nauyi, shi ma a tayar da shi awa ɗaya ko biyu a kashe. A yi aikin cikin Janairu, kafin zafi ya taso masu haɗawa su yi wuyar samu, kuma kada mai haɗawar ya karɓi cikon kuɗinsa sai ya nuna wa ke da babban yaronki inda ake kashe komai.