Dilli Haat, kasuwar da sai ka biya kafin ka shiga

Mu dai ba yawon buɗe ido ne ya kai mu Delhi ba. Gwiwar Umma ce ta kai mu. An yi mata aiki a wani asibiti da ke kudancin birnin, likita kuma ya ce sai mun ƙara mako uku ana motsa ƙafar kafin ya sallame mu. Ni kuwa 'yar kasuwa ce, na daɗe ina sayar da mayafai da yadi a gida, kuma tun kafin mu bar Kano 'yan uwa suka cika min waya da sautu. Ranar da Umma ta fara takawa da sanda ta dube ni ta ce, "'Yar nan, tashi ki je ki ga gari. Kin tasa ni gaba kamar talabijin."

Fitata ta farko ban ji daɗinta ba. Na tari mai A Daidaita Sahu, irin nasu kore da ruwan ɗorawa, na faɗa masa kasuwar da zan je. Ya kaɗa kai ya ce ai yau ba ta ci, amma ya san wani kanti na ƙwarai. Ya sauke ni a ƙofar wani shago mai sanyin na'ura, aka kawo min shayi, aka yi ta baje min mayafai ana cewa pashmina ce ta Kashmir, wato mayafin da ake saƙawa da lallausan gashin akuya. Kunya ta sa na ɗauki ɗaya a rupi 2,500. Da na koma masauki na zari zare ɗaya na kusanta shi da ashana, sai ya narke ya dunƙule kamar leda. Gashin akuya na gaskiya ƙauri yake yi irin na gashi, ya zama toka. Ashe direban la'adarsa ya je karɓa. Idan mai keke ya ce miki kasuwa a rufe take, ki sauka ki tambayi wani.

Wata ma'aikaciyar jinya ce da ta ji labarin ta yi dariya, ta rubuta min a takarda: Dilli Haat, INA, wato sunan kasuwar da na unguwar da take. Ta ce kuma in hau jirgin ƙasa na cikin gari, wanda suke kira Metro. Daga tashar Saket, kusa da masaukinmu, layin ruwan ɗorawa na bi, tasha ta biyar na sauka, wadda ke bin tashar AIIMS. Ana binciken jaka a ƙofa kamar filin jirgin sama, mata da layinsu daban a bayan labule, sannan taragon farko na mata ne zalla. Wannan kaɗai ya sa na so jirgin. Ina fitowa daga ƙarƙashin ƙasa sai ga ƙofar kasuwar.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tikiti. Lokacin da na je, baƙo rupi 100 yake biya, ɗan ƙasa 30. Na tsaya ina ƙunƙuni a raina, wai ni da na zo kashe kuɗi ni zan biya kuɗin ƙofa, a Kwari wa zai yarda da wannan? Da na shiga na gane abin da na saya da ɗarin nan. Babu mai jan hannunki, babu 'yan kamasho, babu babur da zai taka miki ƙafa. Hanya shimfiɗaɗɗiya, rumfuna a jere hagu da dama, ga wuraren zama. Hukumar yawon buɗe ido ta Delhi ce ke kula da wurin tun da aka buɗe shi a 1994, kuma rumfunan ba na dindindin ba ne: ana ba masu sana'ar hannu daga jihohin Indiya kwana 15, su tashi wasu su zo. Don haka abin da ya kwanta miki a rai, ki saya a ranar. Na bar wani takalmin fata na Kolhapur da niyyar in dawo, da na dawo bayan kwana tara mai sayar da kwanduna na tarar a rumfar.

A wajen yadi na fi daɗewa, don nan ne idona yake. Akwai rinin ɗauri da suke kira bandhani, daga Gujarat da Rajasthan, inda ake tsunkule yadi a ɗaure da zare ɗigo-ɗigo kafin a tsoma a rini. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata zai gane aikin nan take, sai dai ɗigon nasu ƙanana ne ƙwarai, wani bai kai ƙwayar gero biyu ba. Mai rumfar ya nuna min cewa na hannu ana sayar da shi a tattakure, ba a goge ba, kuma ɗigon ba ya zama daidai wa daida. Wanda kika ga ya yi sumul ya jeru tsaf, bugun inji ne. Akwai kuma surfanin Lucknow, chikankari, farin zare a kan auduga marar nauyi, wanda na san zai karɓu a wurinmu lokacin zafi. Shi ma juya bayansa ake yi: aikin hannu za ki ga ƙulli da bakin zare. A rumfar wani dattijo Bakashmire na taɓa pashmina ta gaske, wadda ake samun gashinta daga awakin tsaunukan Ladakh. Ya yi min sallama da ya ga hijabina, ya ɗora min mayafin a hannu, na ji kamar ban riƙe komai ba amma hannuna ya ɗau ɗumi. Kuɗinta ya fi ƙarfina. Na nuna masa wadda na saya, ya shafa, bai ce komai ba, ya miƙo min abata.

Ciniki ana yi, kada tikitin ƙofa ya sa ki zaci farashi a yanke yake. Ɗan Indiyancin da muka tsinta a fim ya yi min rana: "kitne ka hai" nawa ne, "bahut mehnga" ya yi tsada. Suna jin haka sai su kwashe da dariya, kuɗi ya fara sauka. Mayafin bandhani da aka yi min suna 1,200 na ɗauki uku a 800 kowanne. Ki riƙe takardun kuɗi, musamman ƙananan 100 da 200. 'Yan ƙasa duk da waya suke biya ta tsarin UPI, har mai shayi, amma baƙon da ba shi da asusun banki a can tsabar kuɗi ce ta fi masa sauƙi.

Abinci yana can ciki, kowace jiha da rumfarta. A nan sai Musulmi ya buɗe ido. Rumfunan arewa maso gabas, irin ta Nagaland, suna dafa naman alade, kuma a Indiya ba kowane naman kaza ko rago ne yankan Musulmi ba. Ni rumfar Kashmir na nufa, na tambaya aka ce halal ne, na ci rogan josh, naman rago a jar miya, da shinkafa. Na kora da kahwa, shayinsu mai za'afaran da kirfa, wanda har yau nake marmari. Wanda ba ya son tambaya ya tsaya a abincin da ba nama, yana da yawa, kuma a kayan leda koren ɗigo ne alamarsa. Ruwa kuwa na gora kawai nake sha.

Ga mai neman tsaraba, ko mai jinya da ke da awa uku kacal, ban ga wurin da ya kai wannan ba. Ga mai sari kuwa, sari irin namu na 'yan kasuwa ba zanen matan Indiya ba, nan makaranta ce kawai. Kayan sun fi na kasuwannin gari tsada. Na koyi bambance na hannu da na inji a nan, sannan na hau layin nan dai zuwa Chandni Chowk, tsohon gari, inda cunkoso ya fi na Kurmi ranar jajiberin Salla. Can na sari yadi, na shiga Khari Baoli na auno kanumfari da masoro da kurkum ina atishawa, na yi Azahar a Jama Masjid da Sarki Shah Jahan ya gina. Kada a je can ranar Lahadi, yawancin shaguna a rufe suke. Mu a watan Fabrairu muka je, iska kamar ƙarshen hunturunmu. Mai zuwa a Mayu ko Yuni ya bari sai la'asar ta yi sanyi, don Dilli Haat fili ce, zafin Delhi kuma yana haura digiri 40.

Ana jibi za mu taso na kai Umma da mota. Ta taka da sandarta har rumfa ta huɗu, ta samu benci ta zauna, ta ce in kira mata mai zannuwan gado. Da yatsu da kaɗa kai ta rage masa kuɗi fiye da yadda na iya da Indiyancina. Zannuwa shida ta saya, kuma su ne suka sa muka biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi.