Wasiƙa daga Lesta: ƙafar Baba da wankin ƙoda

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ya mai jiki? Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi, Ya sa kaffara ne. Kin ce in faɗa miki abin da nake gani a sashen wankin ƙodar da nake aiki a nan Lesta ta ƙasar Ingila, ko akwai abin da za a saya a aiko masa. Na ga gara in rubuta a fili, don na san gidaje da yawa daga Tudun Wada har Samaru suna da dattijon da suga ya kai shi ga inji.

Abin da ya fi ƙarfinmu dai mu wuce shi da sauri. A Ingila wanki sau 3 ne a mako, kowane zama wajen awa 4, kuma majinyaci ba ya biyan ko sisi, hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ce ke ɗauka. Wanda ba zai iya zuwa da kansa ba a aiko masa mota. A gida kuwa, ko da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa ta rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, kin fi ni sanin yadda ake karo-karo kafin a haɗa na mako guda.

Amma abin da ke tsare ƙafar mutane a nan ba injin ba ne. Dubawa ce. A cire wa mutum safa, a ɗaga ƙafar, a buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Likitan ƙafa yana da wani siririn zaren roba kamar tsinken tsintsiya, mai dannawa da nauyin giram 10 kacal. Sai ya ce ka rufe ido, ya taɓa tafin ƙafarka da shi. Na ga dattijon da aka taɓa shi wuri bayan wuri yana nan yana jiran a fara. Wannan ƙafar ko ƙusa ta taka ba za ta kai wa mai ita labari ba.

Suga ke kashe jijiyoyin ji, ya kuma tsuke hanyoyin jini, shi ya sa ƙaramin ƙwarzane ke zama gyambo. Wankin kuma ya zo da nasa. An janye ruwa daga jiki cikin awoyi kaɗan, jini ya sauka, mutum na miƙewa jiri ya ɗebe shi. Tsoka ta zube saboda yawan kwanciya, ƙashi ya yi rauni saboda ƙodar da ke daidaita sinadaransa ta gaza. Ga maganin hana jini daskarewa da ake sawa a inji, wanda ke sa bugun kai ya zama babban al'amari. Faɗuwa ɗaya a bayi na iya zama karayar ƙugu.

To a nan ne muka bambanta da mutanen Ingila, kuma a ganina su ne a kan daidai. Mu tausayinmu shi ne "Baba kwanta ka huta". A miƙo masa buta, a kawo masa abinci har shimfiɗa, yana yunƙurawa a ce ina za ka. Da kyakkyawar niyya muke yi, amma kullum ƙafar ƙara mutuwa take. Su kuwa har kan kujerar wanki ake turo wa mutum feda irin ta keke, yana tuƙawa jini na zagayawa a inji. Jami'ar Lesta ta fitar da bincike a 2021 a kan masu tuƙa ta minti 30 a lokacin wanki har tsawon wata 6, aka ga kaurin naman zuciyarsu da ciwon ke jawowa ya ragu.

Yawancin abin da masu gashin ƙashi ke koya musu ba ya bukatar komai sai kujera mai ƙarfi da bango. Ko shirin nan na hana tsofaffi faɗuwa da aka tsara a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, a gida ake yin sa. Baba ya zauna, ya ɗaga yatsun ƙafa sama ya mayar ƙasa, ya juya idon sawu dama da hagu. A shimfiɗa masa tawul ya riƙa tattaro shi da yatsu. Daga nan ya dafa bayan kujera ya yi ɗage, ya sauke dunduniya a hankali, kamar sau 10. Wanda na fi ba muhimmanci shi ne tashi da zama: ya miƙe daga kujera, ya koma ya zauna sannu a hankali ba tare da ya zube ba, domin da wannan ƙarfin cinyar yake tashi daga masai da sallaya. In ya saba, sai tafiya a jikin bango, dunduniyar wannan ƙafa na taɓa yatsun waccan, wani na tsaye kusa da shi.

Ranar da ba ya zuwa wanki ta fi dacewa. Ranar wanki in ya dawo a bar shi, kuma ko da yaushe ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe. Kada ya yi da yunwa bayan allurar suga. Hannun da aka yi masa hanyar jini ta wanki kada ya ɗauki nauyi da shi. In akwai ciwo a buɗe a tafin ƙafa, ko ƙafar ta kumbura ta yi zafi, babu atisayen tsaye, asibiti za a nufa a ranar.

Batun kaya kuwa, Yaya, kada farashin intanet ya tsorata ki. Takalmin masu suga a nan mai faɗin gaba ne, rufaffe, cikinsa babu ɗinkin da zai goga. Dukawanmu na cikin birni za su iya ɗinka shi in an zaunar da su an yi musu bayani, a kuma auna ƙafar da yamma lokacin da ta fi kumburi. Ƙarfen dafawa da ake kafa wa tsofaffi a bayi, mai walda a Sabon Gari zai haɗa shi cikin yini ɗaya, har da kujerar zama a kan masai don ya daina tsugunno. Silifas mai igiya tsakanin yatsu dai a raba shi da ita.

Akwai haɗurran da su ba su san su ba. Simintin harabar masallaci da azahar a watan Afrilu yana ƙona ƙafar da ba ta ji. Kaskon garwashi da hunturu haka nan. Faso a shafa masa man kaɗe, amma ban da tsakanin yatsu, can tsanewa ake yi bayan kowace alwala. Mai yankan farce da reza kada ya ƙara taɓa shi. Gefen tabarma da ya naɗe, dokin ƙofa, da duhu in an ɗauke wuta, a ajiye masa tocila a ƙarƙashin matashi.

Kada ki ɗauka nan aljanna ce. A Disamba ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, ƙanƙara ta sa hanya santsi, mutum ya jira watanni kafin layinsa ya zo wurin mai gashi. Tsofaffi da yawa su kaɗai suke kwana, da wani maɓalli rataye a wuya da za su danna in sun faɗi. Baba yana da jikoki cike da gida, yana da masallaci a ƙofar gida sau biyar a rana. Wannan tafiyar kanta atisaye ce, in dai da takalmi da ɗan rakiya. Ki ɗora wa yaro ɗaya mai hankali duba ƙafar kowane dare bayan isha'i, ya zura hannu cikin takalmin kafin a sa.

Ranar da za ku koma asibitin Shika, ki roƙi likitansa ya tura shi sashen gashi, su gwada tsayuwarsa su zaɓar masa abin da zai iya. Ni zan aiko da safa marar matsi da madubi mai dogon hannu na duba tafin ƙafa. Ki ɗora ƙafarsa a kan takarda ki zana, ki turo mini hoton. A gaishe da Inna da yara.