Wurin goge mota a hanyar Kalgo: abin da na gani da idona

Motata Camry ce baƙa, ƙirar 2010, 'yar Kwatano. Shekara huɗu ke nan tana hannuna, kuma duk wanda ya san ni a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi ya san ba na wasa da ita. Bayan hunturun bana na fito da hantsi, rana ta bugi bonet, sai na ga wasu siraran zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo. Baƙin nan ya koma toka-toka. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Wani abokin aikina ya kwatanta min wani wurin goge mota, a bakin hanyar da ta fita Birnin Kebbi zuwa Kalgo. Rumfar kwano ce mai cin mota biyu, da tankin ruwa a sama, da janareto a gefe. Mai wurin tsohon fenta ne, kuma daga yadda ya zagaya motar kafin ya ce uffan na gane hannu ne. Ya haska bonet da tocilar waya, ya ce, "Alhaji, wa ke wanke maka ita?" Na ce yaran unguwa, da omo da tsumma, kuma kullum da safe nakan sa a kaɗe mata ƙura. Ya ce, "To ai ga mai laifin nan."

Bayaninsa ya shige ni. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, duk sanda aka bi ta da busasshen tsumma kamar an sa samfefa ne. Omo kuwa yana wanke duk wani kakin da ke kare fenti. Fentin mota hawa uku ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wani garai-garai marar launi a sama, wanda shi ne ke sheƙi. Wannan na saman yawanci maikiron 40 zuwa 50 ne kaurinsa, bai ma kai silin gashi ba. Zanen da na gani duk a jikinsa suke, kuma gogewa da inji ba komai ba ce illa a ɗan kankare shi har ya yi daidai da zurfin zanen. Abin da aka kankare ya tafi ke nan.

Wankin kansa ya bambanta da wanda na saba gani. Sun fara da feshin ruwa sosai kafin hannu ya taɓa jikin motar. Bokiti biyu yaron ya ajiye, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, yana wankewa daga rufi zuwa ƙasa, kuma soson taya daban yake. Da suka gama na leƙa bokitin ɗauraya, yashin da ya kwanta a gindinsa ya kai cikin cokali biyu. A da, duk wannan jikin motata yake komawa.

Sai maigidan ya miƙo min farar leda, ya ce in sa hannu a ciki in shafa rufin. Motar da aka wanke yanzun nan, amma na ji ta gurzai-gurzai kamar bangon da ba a yi wa shafe ba. Ya ɗauko wata laka mai danƙo kamar cingam, ya fesa ruwan sabulu, ya bi wurin da ita a hankali. Lakar ta yi baƙi, na sake shafawa na ji sumul.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maganar ƙofar baya. Akwai dogon ƙarzo da wani ɗan kabu-kabu ya yi min a bakin kasuwa, kuma shi na fi so a cire. Ya bi shi da farce, farcen ya maƙale. Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, duk abin da farce ya kama, inji ba ya cire shi sai ya cinye fentin. Zan iya ɓatar maka da shi yau, amma kafin zafi ya fita wurin zai fara ɓarewa. Wannan aikin fenta ne." Na matsa masa, na ce zan ƙara kuɗi. Ya ƙi. Haka ya yi da tabon kashin tsuntsu a rufi, wanda ya ci fenti saboda ajiye motar da nake yi ƙarƙashin darbejiya: ya rage shi, ya tsaya. Mutumin da aka miƙa wa kuɗi ya mayar don kada ya ɓata maka kaya, ya cancanci a faɗa wa jama'a.

Sauran jikin kuwa, madalla. Ya manna salatif a tsakiyar bonet, ya goge rabi ya bar rabi don in gani. A gefe ɗaya ina ganin kwanon rumfa layi-layi kamar a madubi, a ɗaya gefen hazo. Ya rufe aikin da kakin Turtle Wax mai kanuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Burazil. Bai ɓoye min ba cewa a zafinmu na Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, kada in sa ran zai wuce wata biyu zuwa uku.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Na kai motar ƙarfe 9 na safe, ban karɓe ta ba sai bayan la'asar, kuma wurin zama benci ɗaya ne tak. Yaron da ya goge cikin motar ya lafta wa dashbod wani mai mai ƙyalli, washegari a hanyar Jega yana kashe min ido ta gilas, ƙura kuma ta manne masa. Sannan an bar ruwan bohol ya bushe a gilashin baya, ya bar fararen ɗigo. Na koma na nuna, aka goge duka biyun ba gardama, amma wanda ya biya naira 35,000 bai kamata ya yi sawu biyu ba. Idan za ka je, ka faɗa tun farko cewa ɗanyen tawul kawai kake so a dashbod.

Daga can na biya kasuwa na sayi bokiti biyu da tawul masu laushi guda huɗu, na kuma hana kaɗe ƙura da safe. Motar ta bar gindin darbejiya ta koma rumfa. Ƙarzon ƙofar baya yana nan, bayan Sallah zan kai wa fenta.